Daga Filin Jirgin Kano Zuwa Bakin Kanal: Yadda Baƙo Ke Isa Rano da Kibiya

Tun daga 2023 akwai jiragen sama da ke zirga-zirga tsakanin manyan biranen Najeriya ɗauke da sunan Rano a jikinsu. Na kamfanin Rano Air ne, mallakar attajirin nan Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, mai gidajen man A.A. Rano. Sai dai ba jirgin da ke sauka a Rano. Duk wanda ya nufi Rano, garin Autan Bawo, ko maƙwabciyarsa Kibiya ta sama, a filin jirgin Malam Aminu Kano za a sauke shi, can arewacin birni, alhali inda za shi yana kudu, tafiyar kilomita 60 da wani abu. Jirgi kan kawo mutum daga Legas cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Ragowar tafiyar ta ƙasa kuwa, idan bai san hanya ba, sai ta cinye masa rabin yini.

Masu yin wannan tafiya ba kaɗan ba ne. Akwai injiniyoyin ruwa da jami'an ayyukan noma, akwai dillalan shinkafa da tumatir daga kudu, akwai ɗaliban jami'a masu bincike, ga 'yan asalin yankin da ke dawowa daga Umara ko daga wuraren aikinsu domin biki ko ta'aziyya. Da yawa daga cikin baƙin, ruwa ne ke kawo su. Wannan yanki na kudancin Kano shi ne ƙasar kanal: manyan hanyoyin ruwa da aka haƙa da injina, waɗanda suka taso daga dam ɗin Tiga suka ratsa ƙasar Rano da Bunkure da Garun Malam da Kura. An yi wa ruwan nan hanya tsaf, daga inda yake tasowa har fangalin da zai shayar. Baƙon da ya zo ganinsa ne har yau ba a yi wa hanya ba.

Idan ana maganar birnin da ke zaune a kan hanyoyin ruwa, Benis ta ƙasar Italiya ake fara kawowa. Tsibirai 118 ne aka haɗe da gadoji sama da 400, kuma mota ba ta shiga cikinta. Wanda ya sauka a filin jirgin Marco Polo yana da zaɓi a gabansa: ya hau bas ta tsallaka da shi wata gada mai tsawon kusan kilomita 4 zuwa dandalin da motoci ke tsayawa, ko ya shiga jirgin ruwan haya na Alilaguna, ko ya ɗauki shatar ƙaramin jirgin ruwa da kuɗinsa ya haura Yuro 100. Daga nan sai jan jaka a ƙafa, ana hawa matakalar gada ana sauka. Tafiyar ba ta da sauƙi, amma komai a rubuce yake: farashi, lokacin tashi, sunan tashar da za ka sauka. Mu namu kanal ɗin ba a shiga jirgin ruwa a cikinsa, na noma ne. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wajensu shi ne rubutun nan da ke hana baƙo ruɗewa.

Filin jirgin Kano shi ne mafi tsufa a Najeriya. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma daga 1936 aka fara jigilar fasinja a kai a kai. Shekaru kusan 90 ke nan ana sauke baƙi a nan, amma har yanzu abin da ke tarbar mutum idan ya turo kayansa waje shi ne muryoyin direbobi.

"Alhaji, barka da sauka. Ina muka nufa?"

"Rano za ni."

"Rano? Ranka ya daɗe, ai sai dai shata. Kuma ka san ba zan samo fasinjan dawowa ba."

Direban bai yi ƙarya ba. Kuɗin zuwa da dawowa zai caje ka, domin da wuya ya samu wanda zai ɗauko daga Rano zuwa filin jirgi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin shata ya yi tashin gwauron zabo, kuma babu wani allo da aka kafa da ke nuna abin da ya kamata a biya zuwa garuruwan wajen birni. Ciniki ne, kuma a ciniki wanda ya sha tafiya, ga kaya ga iyali, shi ne a ƙasa. Manhajojin kiran mota irin su Bolt suna aiki a cikin Kano, sai dai tafiyar wajen gari ta kan koma yarjejeniya ta baki tsakaninka da direba.

Wanda ba shi da ƙarfin shata, tafiyarsa gutsi-gutsi ce. Zai fito bakin titi ya tari a daidaita sahu, domin tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Zai ratsa gari daga arewa zuwa kudu har titin Zariya, inda tashoshin mota irin su Unguwa Uku da Na'ibawa suke. Wannan ratsawar kaɗai tana iya kai awa guda idan aka yi rashin sa'a da lokacin tashi daga kasuwa.

A tasha dokar ɗaya ce: mota ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kamasho na tsaye yana dukan rufin mota da tafin hannu yana kira, "Rano! Rano! Saura mutum ɗaya!" Sabon zuwa zai ɗauka yanzu za a tashi. Ɗan gari ya san wani lokacin cikin waɗanda ke zaune a motar akwai 'yan tashar da suka shiga don ta yi kama da cikakkiya, kowane fasinja ya zo sai ɗaya ya zame. Ana zama mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba. Jakar da ta fito daga cikin jirgi da takardar awo a hannunta za a danna ta a but tare da buhun taki da jarkar man gyaɗa, a ɗaure murfin da igiyar roba. Mai son sarari sai ya biya kuɗin kujera biyu, ba wanda zai ga laifinsa. Matar da ke tafiya ita kaɗai kuwa, a gaskiya 'yan tasha kan kyauta mata: "Hajiya, dawo nan gefen taga," a sa wata mace kusa da ita.

Daga Na'ibawa hanya ta miƙe. Titin Kano zuwa Zariya, wanda aka sake ginawa cikin aikin hanyar Abuja da aka fara a 2018, ya rage wahala sosai. Za a wuce Kwanar Dawaki, a hau gadar Tamburawa, inda za ka hango masu ɗibar yashi da tifofinsu a cikin kogi. Kaɗan a gaba sai Karfi, garin 'yan masara, inda hayaƙin gashi ke tashi a bakin titi. Nan ne mai zuwa Rano ke barin babban titi ya kama hanyar Bunkure.

Idan rani ne, daga nan ido ke fara shan mamaki. A watan Janairu, lokacin da sauran ƙasar Kano ta bushe ƙurmus, kara ya zama abincin dabbobi, hazo ya rufe sama, sai ka ga gonaki kore shar, alkama da tumatir da albasa da masara, ruwa na gudu a gefensu. Wannan aikin marigayi Audu Bako ne, gwamnan farko na jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka datse kogin Kano a Tiga. An fara aikin a 1971 aka gama a 1974, da bango mai tsawon kimanin kilomita 6, aka tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Garin Tiga na cikin ƙaramar hukumar Bebeji, amma tafkin ya malalo har ƙasar Rano ta wajen Rurum. Masana daga ƙasar Holan ne suka zana tsarin rarraba ruwan, kuma kashin farko na aikin an yi shi ne da nufin shayar da kadada 22,000. Daga baya kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne babu injin da ke tura ruwan. Gangara ce kawai. Tiga na kan tudu, gonakin na ƙasa, sai aka auna ƙasar aka bi da ruwan yadda zai tafi da kansa. Yana biyowa ta dam ɗin Ruwan Kanya da ke ƙasar Rano, babban kanal ya ɗauke shi, can gaba ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma. Kowane reshe ya haifi ƙanana, ƙananan su haifi 'yan ƙanana, har a kai ga siririyar hanyar da ke bin gefen gona. A nan za ka ga manomi ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki lanƙwasasshen bututun roba, ya nutsa shi cikin ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya fizgo shi ya kwantar a kan kunya. Nan take ruwa ya kama zuba cikin gonar ba tare da ko ɗigon fetur ba. Zai jera irin wannan bututu biyar ko goma, ya koma da fartanya yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Yaron da ke taya shi ya iya wannan fizgar tun bai kai shekara goma ba, amma baƙo zai yi ta gwadawa bututun na shan iska.

Ba a rasa matsala ba. Ciyawar kacalla da laka sun sha toshe hanyoyin ruwan, manoman ƙarshen layi su yi ta jira ruwa bai iso ba. Wannan ne ya kawo shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka yashe kanal-kanal, aka gyara ƙofofin ruwa, aka ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Mutanen Haɗeja da Nguru kuma suna da nasu ƙorafin, domin ruwan da aka tsare a Tiga shi ne da can yake malala a fadamunsu. Baƙo kuma ya kiyaye abu biyu. Kada sanyin ruwan ya ruɗe shi ya ce zai yi wanka: a inda aka daɓe bangon kanal da siminti akwai santsi ga ƙarfin gudu, an sha rasa rayuka, musamman na yara. Sannan ruwan da ke kwance a ƙananan hanyoyi na ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Bayan Bunkure ƙasa na fara tashi, duwatsu na bayyana, sai ga Rano. Gari ne da ya girmi yawancin biranen da ke da filin jirgi a yau. Yana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin da aka gada, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 145,439. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka, sannan a watan Yulin shekarar ta dawo da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Akwai babban asibiti, akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano da ke koyar da fasahar karkara da sana'o'i. Gari ne mai fada, mai hawan salla, mai baƙi.

To, ina baƙon zai kwana?

A nan ne tafiyar ke cijewa. Wanda ya saba buɗe waya ya zaɓi ɗaki ya biya tun yana gida zai duba ya ga kusan duk abin da intanet ke nuna masa a cikin birnin Kano yake. Ƙananan masaukai da ke garuruwan nan ba su cika shiga waɗannan shafuka ba, da baki ake sanin su, ta hannun ɗan acaɓa ko mai shayi ko ma'aikacin sakatariya. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma tambayar da ake yi da hantsi daban take da wadda ake yi bayan isha'i, ga jaka a hannu.

Abin da ya sa wannan ke damuna shi ne ba haka aka faro ba. Mutanen da suka gina dam-dam ɗin nan sun yi tunanin baƙo. A bakin tafkin Bagauda an gina otal na alfarma, Bagauda Lake Hotel, wanda a shekarun 1970 da 1980 ake zuwa hutu da taro daga ko'ina a ƙasar nan. A Tiga kuma aka ɗora Rock Castle Hotel a kan dutse yana kallon ruwa. Manufar a fili take: mutum ya sauka a jirgi, mota ta kai shi bakin ruwa, ya kwana, ya ga gonaki, ya wuce dajin Falgore kallon namun daji. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988, ya yi ɓarna mai yawa. Otal ɗinsa yau shi ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Wannan amfani ne mai kyau, ba na musu, sai dai ba a gina wani a madadinsa ba. Na Tiga kuma ya daɗe da barin matsayin da aka san shi da shi. Ruwan na nan, gonakin sun ƙaru, an ma kafa masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, amma ɓangaren saukar baƙi na tsarin an bar shi a baya.

Abin da ya rufa wa yankin asiri shi ne halin mutanensa. Baƙonka annabinka ba magana ce ta fatar baki ba a nan. Mai zuwa aiki yakan sauka a gidan wanda ya gayyato shi, ko a shagon samari da aka share aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ko a gidan mai unguwa ko dagaci. Kafin ya gama alwala an kawo ruwan sha da fura, da dare a shigo da tuwon shinkafa ko na masara. Idan ya ciro kuɗi zai biya, sai mai gida ya ɓata rai: "Haba Malam, ai kai baƙonmu ne." Wannan karamci abin alfahari ne, kuma ba na fatan ranar da zai ƙare. Amma yana da iyaka. Ba zai ɗauki ayarin mutum goma sha biyar masu kwamfutoci da ke neman wuta da dare ba. Ba zai dace da mace mai bincike da ta zo ita kaɗai ba ta san kowa ba, ko baƙon da ba ya jin Hausa. Sannan nauyi ne da ake ɗora wa masu gida, waɗanda kunya ba za ta bari su ce ya yi musu yawa ba.

Mai zuwa Kibiya yana da sauran tafiya. Daga Rano hanya ta yi gabas, ta bi ta Kibiya da Saya-Saya ta nufi ɓangaren Sumaila. Ƙaramar hukuma ce mai mutum 136,736 a ƙidayar 2006, da garuruwa irin su Tarai da Durba da Fammar da Kahu da Nariya. Manyan kanal-kanal na Tiga sun fi karkata ga Bunkure da Kura da Garun Malam, don haka noman Kibiya ya fi dogara ga damina da fadamu da rijiyoyin burtsatse. Motocin wannan hanya sun fi samuwa da safe da kuma ranakun kasuwa. Da yamma ta yi, sai acaɓa, wanda a karkara shi ne sarkin hanya.

Shi ma mai son ganin kanal da idonsa acaɓan ne gatansa. Kowane babban kanal na da hanyar ƙasa a gefensa da aka yi domin masu kula da ruwa, ita ce kuma manoma da 'yan acaɓa suka mayar titinsu. Ɗan acaɓa zai ɗora jakarka a kan tanki ya riƙe ta da gwiwoyinsa, ya ce, "Yallaɓai, riƙe da kyau." Ruwa na gefe guda, gangaren gona na ɗaya gefen, ga kurar shanu ɗauke da kwandunan tumatir tana tahowa, dole ɗaya ya raɓe. Gadojin tsallakawa ba su da yawa, sai ka hango ƙauyen da za ka a tsallaken ruwa amma a yi tafiya mai nisa kafin a samu wurin hayewa. Da damina hanyar nan taɓo ce, wanda ya zo da takalmin ofis zai gane kurensa.

Akwai hanya ta biyu ga wanda Tiga ce gabansa: ya zarce kan titin Zariya, ya wuce Kura da Kadawa da Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir, ya karya ta wajen Bagauda, daga Tiga kuma ya biyo ta Rurum ya shigo Rano ta baya. Ta fi nisa, amma duwatsun Rurum da faɗin tafkin sun isa a yi zagayen dominsu.

Lokaci ma na da nasa sharaɗi. Watannin da gonaki suka fi kyau, Disamba zuwa Fabrairu, su ne na hazo, lokacin da ake yawan jinkirta jirage ko soke su a Kano saboda matuƙi ba ya ganin ƙasa. Jirgin da aka sa ran saukarsa da azahar sai ya sauka da magariba, lissafin tasha ya rushe. Shawarata ga duk wanda jirginsa ya sauka bayan la'asar kuma ba mai tarbarsa ita ce ya kwana a Kano, ya kama hanya da sassafe.

Gyaran da ake bukata bai kai girman gina dam ba. Hukumar filin jirgi da ƙungiyar direbobinta za su iya kafa allon farashi zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi, a riƙa sabunta shi idan kuɗin mai ya canza. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure za su iya tattara sunayen masaukan da ke ƙasarsu da lambobin waya, a duba tsaftarsu da tsaronsu, a sa su inda baƙo zai gani. Hukumar Haɗeja da Jama'are, wadda baƙinta ne suka fi yawa, za ta iya sa alluna a kwanoni da gadojin kanal masu nuna sunan wuri da nisansa. Masu kuɗin yankin kuma, da Allah ya yi su da yawa, masauki mai ɗaki ashirin da wutar sola da ruwa a Rano ko a bakin Ruwan Kanya ba zai gagare su ba, kuma ba sadaka za su yi ba, kasuwa ce.

A yanzu dai yawancin baƙin da ke zuwa aiki sun riga sun samo wa kansu mafita. Suna kama ɗaki a Nassarawa ko Bompai ko Sabon Gari, su ɗauki shatar mota ta yini, su fito bayan asuba, su zagaya gonaki, kafin magariba sun koma birni. Idan jirgin komawa na safe ne, dama ba mai gangancin tasowa daga Kibiya a ranar. Kuɗin ɗaki da na abincin dare da na direba duk a Kano ake kashe su. Mai shayin Rano da mai tsiren Kibiya ba sa ganin ko sisi daga ciki, shi kuma baƙon ya tafi bai zauna hirar dare da manoman da ya zo dominsu ba, alhali a wannan hirar ce ake faɗin wanda ruwa ke isa gonarsa da wanda ba ya isa.